Azarar Gida Na Tara

Da sunan Allah. Ni Barau ɗan Muntaka, magini, mutumin Ringim mazaunin Dutse, nake wannan rubutu zuwa ga 'ya'yana Misbahu da Zakiyya. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina ƙalau yake, kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa ni magana.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba, ku kai wa alƙali ya yi aikinsa. Kayan aikina kuwa na ba Misbahu kyauta tun ina raye, mahaifiyarku Iyatu shaida ce.

Na biyu, shi ne ya hana ni sakewa. Kun san gidajen nan goma sha biyu da muka gina wa ƙananan ma'aikata bayan an yi jiha, lokacin da masinja da direba suke kwana a barandar shago. Ke Zakiyya kika zana su kina ɗaliba: zaure, tsakar gida, ɗaki biyu da madafa, duka da tubali, rufin ƙasa a kan azara. An yi mana dariya, wai mun kawo ƙauye babban birnin jiha. Da bazara ta zo, masu dariyar ne suka riƙa fakewa a zaurukanmu, zafin rufin kwanonsu ya kore su.

Shekara uku ke nan rufin gida na tara ya tsage, inda Malam Silas direba yake da matarsa Liyatu da yara huɗu. Kai Misbahu ka ce laifin zanen ƙanwarka ne, ta faɗaɗa ɗaki da kamu guda don ta nuna ta yi boko. Ka faɗa a gaban magina, maganar ta zaga gari, tun daga nan ba wanda ya sake kawo mata zane. Ko gaisawa ba ku yi. Ni kuma ina zaune na yi shiru.

Zanenta ba shi da aibi. Azara ta gari daga namijin giginya ake faso ta, wannan ko ɗan koyo ya sani. Da muka iso gida na tara azarar namijin ta ƙare, damina ta matso, sai na karɓi ta macen giginya, mai laushin ciki, na jera da hannuna ranar Juma'a bayan kun tafi masallaci, na bi da ƙasa na rufe. Na ce zan canza bayan kaka. Kunya ta hana ni, don an saba cewa Barau ba ya ha'inci. Kowace shekara sai in je in ƙara yaɓe, ina ƙara wa ruɓaɓɓen itace nauyi. Makon jiya Liyatu ta aiko cewa garin itace yana zubowa a kan gadon yara. Na san ma'anar wannan, rufin ba zai ɗauki ruwan bana ba.

Na uku. A kwashe Malam Silas da iyalinsa zuwa sashena, ni na kusa gamawa da shi. A yaye rufin gaba ɗaya. Kada a lafta siminti a ce an gyara.

Na huɗu. Misbahu, ka tara maginan da suka ji maganarka, ka karanta musu takardar nan da bakinka, ba tsallake layi. Sannan ka je gidan ƙanwarka da ƙafarka. Zakiyya, na ci amanarki, na bar ki da kayan da ba naki ba. Ina roƙon ki ki yafe mini, ki kuma ci gaba da zana wa talaka gida mai zaure.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ku riƙe mahaifiyarku tare. Jiya na ga hadari ta gabas. In ana zaman makokina kuka ji iskar ruwa ta taso alhali yaran nan suna ƙarƙashin rufin, ku tashi ku bar masu gaisuwa a kan tabarma, ku biyun ku ruga gida na tara.