A Gaya wa Auta Kafin Ta Tako Gidan

Hankalina garau yake a lokacin da nake wannan rubutu, numfashina ne kawai ya gaza. Likita ta duba na'urar da ke gefen gadona ta yi shiru, ni kuwa a ɗakin tace labarai na gidan jarida na tsufa, na san irin wannan shirun. Na kasa kwanciya, na kasa zama. 'Ya'yana Babba, Nas, Malamin Lissafi, ku karanta tare.

Na ɗaya, wanda shi ya hana ni sukuni: ƙanwarku Auta. Cikinta ya tsufa, kun haɗa baki kun ce mata zazzaɓi nake yi a gida, wayata kuma ta lalace. Na san dalilinku. A gidanmu ba a kai wa mai ciki mummunan labari. Ni ma ina ɗauke da cikin Babba mahaifina ya rasu, sai da na haihu na ji. Amma ciwon da ya kashe shi ba ya bin numfashi. Kun san halin Auta. Muddin ta ɗauka ina kwance a ɗakina, za ta yi girki ta ɗauko, ta shigo falon da Babba ke tari a ciki. Ɓoyon da kuke yi don ku kare ta, shi zai kawo ta bakin ƙofar. Nas, ke za ki kira ta, yau. Ki faɗi sunan cutar, ki faɗi inda nake, ban da kwana-kwana.

Na biyu: ta daina zuwa awo don tsoron cunkoson asibiti. A hoton da ta turo kafin a kwantar da ni, na ga ƙafafunta sun kumbura, ta kuma ambaci ciwon kai. Lallai ta koma awo. Na'urar gwajin hawan jinina tana durowar gefen gadona a gida; a goge ta sosai, a ajiye mata a ƙofar gidanta, a juyo. Mijinta yana tuƙa bas cike da mutane kullum, shi ya sa ya koma kwana a falo. Ku bar tsokanarsa cewa an kore shi daga ɗaki, ya fi ku hankali. Ku kuma shaida mata tun yanzu cewa ba za a bar kowa ya shiga ɗakin haihuwa da ita ba, kada ta fara jin haka tana naƙuda.

Na uku: gida da abin da ke cikinsa a raba yadda shari'a ta tsara. Littattafai na riga na ba Malamin Lissafi, ko da yake yana lanƙwasa shafi. Ɗakin ƙasa mai babbar taga a bar wa Auta ta yi jego, amma sai kowa ya warke. Ba mai bina komai, sai fankar maƙwabciya da ke kicin. A mayar.

Na huɗu: Babba, ka ce Nas ce ta kwaso mana cutar daga wurin aiki, tun ranar ba ka ɗaga wayarta. Na karanta duk abin da na samu a kan ciwon nan, ba mai iya nuna ƙofar da ya shigo ta ciki. Ban taɓa barin labari marar majiya ya shiga shafi ba, ba zan bar shi a gidana ba. Ita ce take tsayawa bayan gilashin nan sanye da rigar leda, tana ɗaga mini hannu. Ka kira ta.

Na biyar: idan ta Allah ta kasance, kada a taru. A karɓi gaisuwa ta waya. Auta za ta ce ko ta taga ce a bar ta ta gan ni. A hana ta, a ce ni na ce. Idan ta yi fushi, da ni ta yi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raba ta da cikin nan lafiya, Ya tsare ku daga abin da ya same ni. Na yafe muku, ku yafe mini. Jaririn nan zai zo bai san ni ba. Ranar da annobar nan ta wuce aka buɗe ƙofofi, ku kai kanku wurinsa ku duka, ya buɗe ido ya same ku a ɗaki ɗaya kuna magana da juna.

Mahaifiyarku