Baba Ya Ce Kafaɗarsa Ta Warke

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya zaman can? Mu nan Anguwan Rogo lafiya lau, in ban da kafaɗar Baba.

Na kai shi asibiti. Likita ta ɗaga masa hannu a hankali, yana kaiwa daidai kafaɗa Baba ya cije leɓe. Ta ce ƙashi ne ke matse jijiya, ba sai an yi aiki ba, amma ya riƙa zuwa asibiti gashin ƙashi, ya daina ɗaga kaya a shago.

Sau biyu ya je, ya ce ya warke. Ni ban yarda ba. Da hagu yake sa hula yanzu, rigarsa kuma sai warin wani man shafawa. Jiya na matsa masa, ya ce, "Wani ne a Titin Bauchi ya ja min hannun, shi ke nan." Na roƙe shi ya sauko min da kwano daga kan kanta, sai ya dubi kwanon, ya kira Mama.

Don Allah ka kira shi ya koma asibiti, maganarka yake ji. Ka sa shi a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka