Hayaƙin Kawu da aka ɗora mini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni tsohuwa ce mai jikoki amma wannan magana ta ƙi kwanta mini a rai.

A Jidda aka haife ni, a wani lungu bayan Bab Makka, inda in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓa bangon maƙwabci. A shekarun saba'in ina 'yar budurwa, Sallah ba ta cika a unguwarmu sai da ɗaraɗi, abin fashewar nan da kuke ce wa nokawut. Kuma al'adarmu ce in mutum ya dawo daga tafiya ko ya tashi daga ciwo a kunna masa a bakin ƙofa, yawan jar takardar da ta zube shi ne yawan darajarsa. Sai hukuma ta hana, saboda hayaƙin yakan tsaya a lunguna ya ƙi fita, ga gobara. Mai unguwa ya bi gida gida ya faɗa, duk wanda aka samu da shi kamu ne, in kuma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, sai jirgi a fitar da shi daga ƙasar.

Kawuna, ƙanin Ummata, shi ke sayar da shi a ɓoye ƙarƙashin yadudduka, kuma ko takardar zama ɗaya ba shi da ita. Umma kuwa ciwon fuka gare ta, ko turaren wuta ba ma kunnawa a gidanmu saboda ita. Ranar wata ƙaramar Sallah da hantsi aka sallamo ta daga asibiti, shi Kawu don murna da son a ce ya karrama yayarsa ya zazzage kwali guda a ƙofarmu ya sa wuta, daidai lokacin da Baba ke riƙe da ita za su shigo. A bakin ƙofar ta durƙushe, ina gani tana neman numfashi, aka sake ɗaukarta aka koma.

Da likita ya tambayi me ta shaƙa, Baba ya dubi Kawu, ya dube ni, sai ya ce turaren wuta ne yarinyar nan ta kunna a ɗaki. Umma ba ta dawo gida ba. Bayan an kai ta makwancinta Baba ya ja ni gefe ya ce, "Halas ya binti, shi ke nan 'yata, ke babu mai kama ki a kan turare, shi kuwa yana da ƙananan yara." Maƙwabta duk sun ga abin da ya faru amma suka yi gum, don kowa akwai ɗaraɗi a ƙarƙashin gadonsa. A wajen ta'aziyya labarin turare aka yi ta faɗa wa baƙi, shi ne kuma ya zauna. Waɗanda suka san gaskiya sun mutu ko sun watse, Baba ma ya tafi bai gyara ba, ƙannena da suke ƙanana a lokacin suka taso da cewa sakacin yayarsu ne ya kashe musu uwa. Har yau in ana biki a dangi aka zo turara amarya, sai a tsallake ni a miƙa wa wata kasko, wai da wasa. Ni ban taɓa jin dariyar ba.

Kawu ya samu takardunsa daga baya, ya yi arziki, yana zaune a unguwar Bani Malik ana ce masa uban dangi. Yanzu ya tsufa ƙwarai yana kwance. Makon jiya ya aiko aka kira ni, ya sa kowa ya fita, ya kama hannuna yana hawaye ya ce in yafe masa. Na ce Kawu zan yafe, amma a kira ƙannena su shigo ka faɗa musu da bakinka. Sai ya saki hannuna ya juya bango. Babbar 'yarsa da ta ji muka yi kaca-kaca, wai na zo in tozarta tsoho a kan gadon mutuwa, wai bayan shekara hamsin me zan ci da tonon asiri. Na ce mata da sunana aka rufa wa ubanta asiri har ita ta girma a garin nan, ba wanda ya taɓa ce mini ko sannu.

Wallahi ina jin haushinsa, kuma ina tsoron Allah, ƙanin uwata ne kuma na san ba da gangan ya yi ba. Amma yafiyar da yake so ta cikin ɗaki ce, ƙofa a rufe, ni kuma a gaban jama'a aka ɓata ni. In na faɗa da kaina bayan ransa cewa za a yi na yi wa mamaci ƙage, don shi kaɗai ne shaidar da ta rage mini.

To 'yan uwa, in koma in ce na yafe ya tafi da sauƙi, ni in mutu a matsayin wadda ta kashe uwarta? Ko in tara ƙannena in kai su bakin gadonsa in tambaye shi a gabansu, alhali zai iya cewa bai tuna ba?