Gefen Mayafin da Ba Hannun Inna Ba Ne

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan kowa lafiya, sai kewarki. Inna ma jiki da sauƙi, tana ci tana sha, sai dai rawar hannun nan ta ƙi barinta.

Maganar mayafin da take saƙa miki ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san ta da kwarashi, ko hira take yi hannu na aiki. To, rabin farko ya fito tsaf kamar yadda kika san saƙarta, amma daga nan layukan suka fara karkacewa, wani wuri ya tsuke, wani ya saki har yatsa na wucewa. Ranar da ƙaninmu ya kai ta asibiti, ni da matarsa muka ɗauko mayafin daga kwandon da ke gefen kujerarta. Ita gwana ce, ni kuwa ban wuce saƙar 'yan koyo ba, sai na riƙe mata ulu. Muka warware karkatattun layukan, ta sake saƙa su sumul. Wallahi Yaya, mu a ganinmu gwaninta muka yi.

Da Inna ta dawo, sai ta ɗauki mayafin ta shafa gefen. Sannan ta ce aikin ya yi kyau, amma ba hannunta ba ne, kuma da ma ta san sun karkace, so take ki ga inda ƙarfinta ya kai. Tun ranar ba ta sake taɓa kwarashi ba. Na ba ta haƙuri har na gaji, murmushi kawai take yi. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ta ce a aiko miki da shi haka nan. Ina roƙonki, idan kin kira ta, kada ki yabi gefen ƙasa, duk kyansa. Ki yabi na sama, shi kaɗai muka bar mata.

Ki gaida maigida da surukarki, ki shafa mini kan auta. Ƙaninmu da matarsa suna gaisuwa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki