Ni ne Doguwar da ta karya taubashina

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma kowa ya riƙe zaginsa sai na kai ƙarshe.

Tsoho ne ni a Filinge. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, masinja na yi a gidan kumandan zamanin mulkin soja, inda na ƙware a gudu da shan mari. Lokotoranci kuwa, wato aikin likita, a tele na karanta shi, a fim ɗin nan na asibiti da mutum zai gama mutuwa, uwarsa na addu'a, a ture ta waje, a hau ƙirjinsa a danna, ya tashi. Nakan ce wa tsohuwar matata, "Kin gani? Su ba su jiran tofi." Ta ce, "Malam, kai da ƙaya ba ka iya cirewa?"

To, ina da taubashi a ƙauyenmu na Kurfai, tsohon dokin bori ne da ya tuba ya kama masallaci. Ran nan na je gonarsa in tsokane shi, na iske shi kwance cikin hatsi, ba motsi. Na ce, "Tashi, bawana!" Shiru. Wa zai bar wannan dama? Na haye shi na danna, na ƙara da naushi kamar yadda suke yi a fim ɗin, sai na ji ƙaras, ƙaras, kamar an taka kara. Ya yi tari, jini ya fito. Da na ga jinin, wallahi gudun gidan kumandan ya dawo mini.

Yanzu ya farka bai san komai ba. Ya ce Doguwa ce ta tattake shi don ya bar ta. Ƙaramin ɗansa ya kira mai goge a ba ta haƙuri, babban, wanda ustazu ne, ya fasa gogen a kan mai gogen, ƙanen ya sari wan nasa da lauje a hannu, har sai da jandarmomi suka zo. Ni kuwa ina zaune a gefe ina "subhanallahi", kunya na cina.

Na ce masa, "Kai ragon banza, tashi mu tafi asibiti a duba ƙirjin nan." Ya kama hannuna, numfashi da ƙyar, ya ce, "Taubashi, dukan iska allura ba ta taɓa shi. Da mutum ne ya yi mini, da tuni na tafi."

Jinin bai tsaya ba, kullum yana ramewa. In na yi shiru, a kan tabarmar nan zai mutu yana ba Doguwa haƙuri. In na ce ni ne, zai yarda ya hau mota, amma 'ya'yan nan da suka sari juna kan iskar da ba su gani ba, yaya za su yi da wadda ke zaune a zaurensu tana shan hura?

Jama'a, me zan yi?