Katangar Ramin Marmara

Zuwa ga Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Yaya, an rufe ramin marmaran nan na bayan Goron Dutse. Tun ranar da gefensa ya rufta da kai, aka yi ta tono ba a same ka ba, har aka yi maka salla babu gawa, aikin bai ƙara armashi ba. Bana hukuma ta hana haƙa gaba ɗaya.

Ka san Inna. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ta ɗauki 'yar tabarmarta ta zauna a bakin ramin, ta ja carbi, ta ba ka labarin gida. Har tsadar gero ka sani. Kai da kake ce mata, "Inna, bari in haɗiye lomar nan tukuna." Yanzu ba mai katse ta.

Makon jiya aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa, a kan abin da za a yi da wurin. 'Yan kasuwa suka ce shaguna. Samari suka ce filin ƙwallo. Abokan haƙarka ba filin ne ya dame su ba, aikin yi suke nema. Ina zaune ina jin su kamar rediyon maƙwabta.

Sai liman ya tuna musu kana ƙarƙashin wurin. Ya ce a cike ramin, a zagaye shi da katanga ya zama maƙabarta, dama ta unguwa ta cika. Kowa ya yarda. Ni ma na ɗaga hannu, don kada wata rana a kasa tumatir a kanka.

Maza ne zalla a taron. Sai da na koma gida na faɗa wa Inna, na ga ta ajiye ludayi, sannan na tuna cewa a nan mace ba ta shiga maƙabarta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaye ni ko katangar za ta yi tsawo.

Ni kuwa ban ji komai a raina ba, Yayana, har yanzu ban ji ba. Ina ci, ina barci. Jiya aka fara sauke bulo.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya ba Inna juriya. In ka daina jin muryarta kusa da kai, ba mantuwa ba ce, ba za a bar ta ta shigo ba ne.

Ƙaninka,
Sadiƙu