Gargasar Baba da Taron Wasan Maigida

Matameye, ranar Alhamis, cikin bazarar 1985

Zuwa ga Yaya Lawwali, a Fagge, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Saratu da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka buɗi, ya tsare ka daga wulaƙancin zaman baƙunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan mun gode Allah. Inna tana nan wurina da sauƙi, gwiwar ce dai ba ta barin ta sakewa, kuma kullum sai ta tambaya ko an buɗe iyaka, na ce mata sojoji ba su ce komai ba tukuna. 'Yata Mariyama ta fara tafiya, ba abin da ke tsira a hannunta. Labarin gari kuwa ka san shi: rijiyar unguwa sai an ƙara wa guga igiya, jar dawar taimako in ta zo sai an yini a layi, in an samu a yi ta jan ta har wata ta zo.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki bik nake rubuto maka, maganar damin gargasar Baba ce, geron nan mai gashi da tsuntsu ba ya iya ci, wanda ya yi shekaru yana zaɓen zangarniyarsa da hannunsa. Ka san bara da ba ka samu zuwa ba mun shuka rabi, ya tsiro ya kai gwiwa ya ƙone. Dami ɗaya ya rage, shi ne Inna ta taho da shi gidana, muka rataye a ɗakinta. Ka aiko mini da saƙo cewa ko za mu ci ƙasa kada a taɓa shi, na kuwa riƙe. Mun ci dusa, mun ci tafasa ba ƙuli, ban ko ɗaga ido na dube shi ba. To sai ga surukinka, maigidana, ya jawo mini abin da ban taɓa zato ba, kuma wallahi har yanzu da nake rubutun nan raina a ɓace yake.

Tun da aka rufe iyaka maigida da abokansa ba su samu tafiya cin rani ba, sai zaman gindin bedin ƙofar gidanmu. Da farko dara suke yi, ban ce komai ba, namiji ba aiki gara ya haƙa ramin dara da ya zauna yana ƙirga mini loma. Sannu a hankali abin ya zama sana'a. Inusa mai gyaran keke ya shiga ƙera motocin waya da gwangwanin sardin, wata kamiyo ta ɗaukar kaya har da ƙofa mai buɗewa, babban mutum da gemu yana tura ta a ƙasa yana yi mata kuka da baki. Manu ya tattara kwalayen sukari yana yanka karta yana zana mata sarakuna, kowane sarki da fuskar wani a unguwa, har an kusa dambe da mai nama saboda hancin da ya yi masa. Garba tela shi ne uban tafiyar. Shi da maigida suka ƙirƙiro wani wasa suka sa masa suna Cin Rani. Garba ya ɗinka hanyar mota a kan wani babban ƙyalle, daga Matameye har Ikko, gida-gida da guntayen atamfa. Ana jefa ƙwallon dabino, mutum ya matsa da dutsensa. Wani gidan zazzaɓi ya kama ka ka koma baya, wani gidan ka samu dako a kasuwa ka yi gaba, wanda ya fara zuwa ya dawo da keke shi ya ci. Zanen da suka yi shimfiɗar da shi nawa ne, na shanya na shiga ɗaki na fito ban gan shi ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da ina fushi: na leƙa na ga wasan, kuma da kyau. Maigida, wanda ya yi wata da watanni ba ya haɗa ido da ni in na kawo abinci saboda kunyar ba shi ya nemo ba, na ji shi yana ƙyaƙyata dariya wai ya isa Zariya. Da a nan abin ya tsaya da ban kai ƙararsa wurinka ba.

Sai suka ce abin ya fi ƙarfin mutum huɗu, dole duniya ta gani. Wai za su yi taron wasanni na Asabar da Lahadi, kowa ya zo da abin da ya ƙera ko wasan da ya iya, a yi gasar dara, a yi karta, a baje motoci, a koya wa mutane Cin Rani. Sun kwashe kwanaki suna gardamar wa zai zama alƙali da inda za a haƙa ramuka. Da yake yanzu ba a tara mutane sai da izini, suka sa manyan riguna suka naɗe ƙyallen suka tafi wurin hukuma neman takarda. Aka shimfiɗa shi aka duba, aka ga wani gida da Garba ya ɗinka mutum mai kaki a tsaye bakin hanya, aka ce wannan ya fita. Garba ya dawo ya ɗinka kura a wurin, suka samu takardarsu, suka shigo gari kamar waɗanda suka ciwo yaƙi.

Tun ranar na kira maigida na tambaye shi inda za a yi taron. Ya ce gindin bedi mana, ina kuma ake da inuwa. Na ce su kai filin makarantar lakwal ko na ƙungiyar samariya, ya ce iska za ta kwashe wa Manu karta. Na tambaye shi me mutanen za su ci. Yaya, sai ya dube ni kamar na yi masa Larabci, ya ce ai wasa za a yi, ba suna ba ne ba biki ba, kowa zai zo da guzurinsa. Na ce masa a shekarar nan wa ke da guzuri? Na ce tun da aka haife shi ya taɓa ganin an tara maza a ƙofar gida rana ta take ba a fito da ko ƙwaryar kunu ba? In ba a fito da ita ba kuma, sunan wa za a kira a bakin rijiya, nasa ko nawa? Ya ce na cika hangen nesa, ya rantse ba mai taɓa irin Baba, kuma na san har zuciyarsa yake nufi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ba mugunta ba ce, rashin tunani ne zalla. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a gidan nan shi ke ɗebowa, bakina ke ƙuna.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar Juma'ar da ta wuce suka sa mai shela ya zaga kasuwa. Ni ban je ba, maƙwabciyata Hajara ce ta dawo tana tafa hannu. Ta ce mutumin ya yi ta faɗa cewa ana gayyatar kowa da kowa, na Tsauni da na Dawce da na Ɗan Barto, babban taro na kwana biyu a ƙofar gidanmu. Maganar guzuri kuwa ko sau ɗaya ba ta ji ta fito daga bakinsa ba. Da aka tuhume shi sai ya ce shi tun da yake shela bai taɓa gayyatar mutane ya ce su zo da abincinsu ba, ba kuma zai fara zubar da mutuncin maigida a tsakiyar kasuwa ba. Ka ji fa. Kowa yana tsare mutuncin maigida, ni ce ba wanda ya tuna da tukunyata.

Jiya Laraba da azahar aka yi sallama. Malam Ummaru ne na Dawce, abokin darar Baba, wanda ka sani da garken shanu da farin doki. A ƙasa ya zo, da 'yar jakar itacen dararsa a rataye, rigar tana yawo a jikinsa. Ya ce wa maigida ya zo da wuri ne don ya huta kafin Asabar, kada yara su cinye shi saboda gajiya. Na dama ɗan kunun jar dawar da na ajiye don dare na aika masa zaure. Na tsaya bayan zana ina kallo, Allah ya yafe mini. Yana sha yana ba da labarin yadda ya taɓa cin Baba sau uku a jere. Da aka dawo mini da ƙwaryar sai na ga ya bar saura a ƙasanta, irin ragin da mai kunya yake yi don kada a ce ya zo da yunwa. Yaya, na zauna a bakin murhu na yi kuka, ina kuka ina zagin Garba tela a zuciyata.

Yau da hantsi wasu suka ƙaru daga wajen Ɗan Barto. Kowa ka tambaya wasa ya kawo shi. Ɗaya ya zo da matarsa da yara, sun zauna can nesa jikin katanga, wai su ma kallo suka zo. Maigida ya shigo jiki a sanyaye, hula a hannu, ya ce ko dai a fasa. Na ce masa yanzu ya tuna? Wasa ana fasa shi, amma wanda ya riga ya kamo hanya da ƙafa wa zai tare shi ya ce ya koma? Na ce ya fita ya haƙa ramukansa, ya shimfiɗa zanena, su yi wasan nan da gaske kuma su yi shi da kyau. Mutanen nan da sunan wasa suka zo, in aka fasa an tona musu asiri, sun zama masu bara a ƙofar gidanmu. Ya tsaya yana kallona, na ce ya ba ni wuri kafin na faɗi abin da zan yi nadama.

Na auna abin da ke gidan. Jar dawar ko mu kaɗai ba za ta kai mu Lahadi ba. Matan abokan nasa na aika musu, kowace ta turo abin da ta iya, Hajara ta kawo kuka da ɗan gishiri, duka dai bai taka kara ya karya ba. Na shiga ɗakin Inna na tsaya. Tun da aka rataye damin nan a ƙarƙashinsa take shimfiɗa tabarmarta, ko ɓera ya motsa sai ta farka. Na ɗaga ido na dubi damin. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta dafa bango ta tashi, ta ja tabarmar zuwa ɗaya gefen.

Na sauke shi, Yaya. Ba zan ɓoye maka ba, ba kuma zan ce wani ya sa ni ba. Kafin na kai turmi na zauna na zaɓi zangarniyar da ta fi cika, yadda Baba yake yi, na sussuka ta daban na ƙulle a ƙyalle. Ita ce Cha'ibu direba zai ba ka tare da takardar nan, tunda ya ce gobe zai bi ta daji ya tsallaka wajen Daura. Ina roƙonka kada ka aiko mini da ita ta hannun kowa, kada kuma ka dawo da ita sai ka ji ruwa ya sauka, ka zo da ita da kanka ka wuce gona. Na gane yau cewa in tana gidan nan, mai yunwa kuma yana ƙofa, hannuna ba abin amincewa ba ne. Sauran ga shi can Hajara ta fara surfe, ina jin tabaryarta. Ina cikin wannan rubutu surukin naka ya leƙo yana tambaya ko zan ara musu faifai na jefa ƙwallon dabino. Na bar shi da Allah.

Ka gaishe mini da Yaya Saratu da kyau, ka ce na gode da sabulun da ta aiko. Ka shafa mini kan Sule da Fadima. Ka gai da Kawu Garba na Kurna da iyalinsa, da duk 'yan Matameye da ke wurinku. Inna tana sa maka albarka, ta ce in za ka yi fushi ka raba shi biyu ka ba ta rabi. Maigida yana gaishe ka, kunya ta hana shi saka baki. Malam Ummaru ma ya ce a gaishe ka, bai san abin da za a dama masa gobe ba, kuma ba zai sani ba.

In ka kunce ƙullin ka ga ɗan kaɗan ne, kada ka tuhumi Cha'ibu ko ya zube a hanya. Bai zube ba. Iyakar abin da ya rage na gonar Baba ke nan.

Wassalam. Ƙanwarka mai neman afuwarka,

Balki